Kyankyasai a mota: feshi ko gel ɗin sirinji?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tsakanin feshin gwangwani da gel ɗin nan mai zuwa a sirinji da ka tambaya, ka sayi gel kawai, ni duk biyun na gwada su a kan Corolla ta kuma ɗaya ne ya yi min aiki.

Bara waccan na ɗauko wa madam kwalayen taliya da na sabulu daga wani sito, suka kwana biyu a but saboda kasala ta hana ni saukewa, to ashe da baƙi na taho. Farko ɗaya-ɗaya nake gani in na buɗe ƙofa da asuba zan tafi masallaci, ƙananan nan masu ruwan ƙasa da layi biyu baƙaƙe a bayan kai, waɗanda Turawa ke ce wa kyankyason Jamus, ba manyan nan na masai ba. Kuma motar yara ce, kullum biskit da cincin da gyaɗa na zuba a ƙasan kujera, ga ɗumi ga duhu, me zai kore su? Ranar da abin ya kai ni bango na ɗauko surukata zan kai ta gidan suna, muna tsaye a danja sai ga ɗaya ya fito daga ramin AC yana tafiyarsa a kan dashbod kamar shi ya biya kuɗin motar, Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai tattare mayafinta ta matsa jikin ƙofa. Wallahi da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Feshi dai, wanda ya taɓa ya mutu, iyakar abin da zan iya faɗa masa na alheri kenan. Gwangwani uku na ƙarar, na rufe gilasai na bar ta a rana, na share gawa kamar goma sha, bayan sati biyu suka dawo har da 'ya'ya, warin kuma ya kama soson kujera ta yadda in na kunna AC sai ƙaramar 'yata ta hau tari. Dalili shi ne feshin korarsu yake yi su shige can cikin dashbod da cikin ƙofofi inda ba ya kaiwa, sannan ba ya ratsa jakar ƙwai. Macen irin wannan kyankyason tana yawo da jakar a bayanta, ƙwai 30 zuwa 40 a ciki, kusan wata guda kafin su ƙyanƙyashe, to ka lissafa in mata biyar kaɗai suka tsira. Kuma in ma ka saya kar ka bar gwangwanin a cikin mota, a jikinsa an rubuta kar ya wuce zafin digiri 50, motar da aka rufe a ranar watan Afrilu a Kano kuwa tana wuce haka.

Gel ɗin wani maƙwabcina ne mai yi wa otal-otal feshi ya ba ni ragowar nasa, ya ce in bari sai na wanke motar tukuna. Na kai wajen wanki aka fitar da kafet duka, aka ɗaga kujerar baya, aka zuƙe da injin zuƙar ƙura har layin ƙarfen da kujera ke gudu a kai da ramin safaya, abin da ya fito daga ƙasan kujerar nan kunya ba za ta bar ni in faɗa ba, har da rabin tsire a takarda. Wannan wankin shi ne rabin aikin, don in akwai ɓurɓushin biskit ba za su kula maganin ba. Da magariba muka zauna da shi da fitilar waya, yana ɗiga ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa a cikin murafun lemon roba, muka tura biyu ƙasan kowace kujerar gaba, ɗaya a aljihun dashbod, biyu can sama da feda inda wayoyi suke, sauran a but da wajen safaya. Ni har ina ce masa wannan ɗan abin ne zai yi abin da gwangwani uku suka kasa? Ya yi dariya ya ce in ba shi kwana uku.

Safiya ta uku na buɗe mota na tarar da su a kwance a kafet ƙafafu sama, wasu na tangaɗi kamar sun sha wani abu, yarinyar nan ta tsuguna tana ƙirga min har ta kai inda ƙirgenta ya ƙare. Yadda abin yake, gubar ba ta kashewa nan take, sai ya ci ya koma maɓoya ya mutu a can, 'yan uwansa su ci kashinsa da gawarsa su ma su bi shi, har ƙananan da ba sa fitowa. Ba wari, ba sai ka ajiye motar ba, da ita nake zuwa aiki duk tsawon lokacin. Aibinsa ɗaya, zafi na busar da shi, in ya bushe kuma ba sa ci, don haka ka riƙa fakin a inuwa, duk sati biyu ka canza sabo har sau uku saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe daga baya. Kuma don Allah kar ka haɗa shi da feshi wai don aiki ya yi sauri, warin feshin zai hana su zuwa wajen. Ka sa inda hannun yara ba ya kaiwa, kar ka shafa a bakin ramin AC.

Sai maganar masu sayarwa, ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Jabu ya yi yawa. Masu yawo da baro da lasifika suna shelar maganin ɓera maganin kuɗin cizo, wasunsu sirinjin da ya gama aiki ne a hannunsu, rana ta dafa shi, wani ma an kankare kwanan watan. Ka je shagon magungunan ƙwari na gaske, ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ka karanta sunan sinadarin, ya zama fipronil ko indoxacarb ko imidacloprid, in ba a rubuta komai ba sai hoton kyankyaso ka ajiye musu kayansu. Wanda duk ya ce ka zuba fiya-fiya a kafet ka rufe gilas, ka gode masa ka wuce, dichlorvos ne, na gona ne, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa, kai kuma a cikin akwatin nan za ka zauna kana shaƙa da iyalinka. Wanda ya fi wannan muni masu cewa a jefa ƙwayar nan ta ajiyar wake da masara, wadda ake ce wa bom, iskar da take fitarwa ta kashe mutane a cikin ɗaki suna barci, balle mota.

Ka leƙa kicin ɗin gida ma, in akwai su a can to a jakar makarantar yara da kular abinci za su riƙa komawa motar, ragowar sirinjin ya ishe ka ka ɗiga a bayan firij da ƙasan kabad. Kwali kuma ya daina kwana a but. In ka sayo ka turo hoton kwalin gaba da baya in nuna wa maƙwabcin nawa kafin ka fasa.