Firinta ɗaya, akawun uku: sharhi kan aikin mai gyaran da na kira shago

Kwamfuta ɗaya ce a shagonmu na buga takardu, Windows 10 ke kanta, amma akawun uku ne a ciki: nawa mai ikon admin, wato cikakken iko a kan kwamfutar, na ƙanena, sai na yarinyar da ke yi mana taifin. Mako biyu muka yi muna fama. In ni na danna bugawa, takarda ta fito tsaf. Ƙanena in ya shiga nasa, aikin sai ya maƙale a layi, firinta ko motsi ba ta yi. Na yarinyar kuwa yana fita, amma layin ƙarshe a yanke. Har tona, garin tawadar firinta, na sauya, ashe kuɗina na zubar a banza.

Maƙwabcina mai shagon cajin waya ne ya haɗa ni da wani injiniya. Ya ce ƙarfe goma, sai bayan Azahar ya iso, wannan kam ban ji daɗinsa ba. Amma da ya zauna, ko murfin firintar bai buɗe ba. Tambayarsa ta farko ita ce: "Malam, a akawun ɗin wa take ƙin bugawa?" Nan na san ya san aikinsa.

Ya nuna mini cewa firintar da kwamfuta ke zaɓa kai tsaye ba ɗaya ba ce ga kowa, kowane akawun da tasa. Ashe wata rana da ake shara an zare wayar USB an mayar da ita wani rami daban, kwamfutar ta ƙirƙiri kwafi na biyu na firintar. Nawa akawun ya koma kan sabon, na ƙanena ya tsaya kan tsohon da ba ya haɗe da komai. Takardu goma sha ɗaya muka tarar sun yi cincirindo a can. Ƙanena ya sha ƙoƙarin share su, amma wasu ba nasa ba ne, kuma akawun da ba shi da ikon admin aikin mai shi kaɗai yake iya sokewa. Injiniyan ya tsayar da Print Spooler, ɓangaren Windows da ke kula da layin bugawa, ya kwashe duk abin da ke cikin ma'ajiyar ayyukan da ke jiran bugawa, wato C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ya sake kunna shi, sannan ya goge mataccen kwafin.

Matsalar yarinyar ce ta fi ba ni dariya. Takardar A4 muke sawa, mai tsawon milimita 297, amma a akawun ɗinta an saita girman Letter irin na Amurka, mai milimita 279. Wannan milimita 18 ɗin ita ke cinye layin ƙarshe. Ni kuwa sau uku ina gyarawa a Printing Preferences, ban san kaina kaɗai nake gyara wa ba. Wurin da ya shafi kowa shi ne Printing Defaults, a ƙarƙashin Advanced. Ko shi ɗin ma bai isa ba, tunda ta riga ta taɓa saitinta, sai da ta sa lambar sirrinta ya shiga ya gyara a can.

Na ce masa ya mayar da kowa admin kawai mu huta. Ya ƙi. "Ranka ya daɗe, shagon da ake soka filashin mutum talatin a rana ba a yi masa haka," in ji shi. Ya ce neman lambar admin kafin a ɗora direban firinta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, da gangan ne, kuma an ƙara tsaurara shi tun gyaran tsaron da Microsoft ya fitar a Agustan 2021 kan wata ɓarakar tsaro a tsarin bugawa na Windows da ake kira PrintNightmare. Na ga gaskiyarsa.

Inda ya yi sake: akwai maɓallin da ke bar wa Windows zaɓen firinta, ta riƙa komawa kan wadda aka yi amfani da ita ƙarshe. Ya kashe shi a akawun biyu, ya manta na uku. Kwana biyu sai ga yarinyar tana danna bugawa kwamfuta tana tambayar inda za a ajiye PDF maimakon ta aika wa firinta. A waya ya ƙarasa mana, bai nemi ƙarin ko sisi ba. Bayaninsa ma da sauri yake, sai da na tsayar da shi na rubuta a bayan littafin rasit.

Minti arba'in aikin ya ɗauka, kuma zan sake kiransa. Ramin USB ɗin nan kuwa na liƙa masa jan salatif, mai shara ma ta san ba a zare wannan wayar.