Matatar soso a tankin kifin ado: yadda ta yi mini a sanyin Jos

In ka shiga shagon masu kifin ado ka ce matatar ruwa kake so, wadda za a fara miƙo maka ita ce mai inji a ciki, mai feso ruwa da ƙarfi. Ta soso tana can gefe, baƙa ƙirin, ba kyan gani, kuma ita ce mafi arha. Ita na sa wa tankina mai cin lita 60, wanda ƙananan kifin ado da ake kira gupi shida ne kacal a ciki, tun ƙarshen damina har hunturu ya fita. Ga tanki mai kifi kaɗan irin wannan, ta ishe ni.

Kayan ba su da yawa: soso mai bututun roba a tsakiya, siririn tiyo, da ƙaramin injin hura iska da ke zama a waje. Kumfar iska na tashi ta bututun, tana jan ruwa ta cikin soson.

Mai neman abin da zai sa ruwa ya yi garau kamar na gora, to ba a nan ta fi ƙarfi ba. Babban aikinta zama gidan bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da amoniya ta wurin da yake numfashi, kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe amoniya suke zama, ita kuwa guba ce. Wasu bakteriya, irin su Nitrosomonas, suna mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin. Sai wasu, galibi Nitrospira, su mayar da shi naitiret, wanda kifi ke iya jurewa in bai taru ba. Waɗannan ƙwayoyi ba yawo suke a ruwa ba, maƙalewa suke a jikin abu, shi ya sa ramukan soso suka dace da su. Kuma ba su da saurin hayayyafa. Sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kankama, nawa kuwa sai da ya kai ƙarshen wannan lissafi. Da kayan gwajin ruwa na ɗigo na riƙa bibiya: amoniya ta tashi ta sauka, naitirait ya biyo baya, daga nan duka biyu suka zauna a sifili. Naitiret bai taɓa wuce 20 a ma'aunin ba, muddin ina canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako.

Sanyi shi ne jarabawar gaske. Jos tana tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma kowa ya san yadda asubar Disamba da Janairu take. Bakteriyar nan sun fi kuzari tsakanin digiri 25 da 30, ruwa na yin sanyi aikinsu na ja baya. Matatar ba ta ɗumama komai, dole ka haɗa da hita, wadda gupin ma suna bukata. A nan ne ƙarancin kifi ya yi rana: daren da babu wuta hita ta mutu, dattin da kifi shida ke fitarwa bai fi ƙarfin soson ba. Na kuma rage musu abinci a irin waɗannan kwanaki.

Batun ɗauke wuta ne ma ya sa na ƙara yarda da ita. Matatar ruwa mai rufaffen gwangwani, in inji ya tsaya na sa'o'i, oksijin ɗin cikinta na ƙarewa, bakteriya su fara mutuwa. Soso kuwa a buɗe yake cikin tanki. Injin iskar da na samu da fawa banki ma yana tashi, yana kai ni har safe.

Inda ta ba ni haushi: ƙara. Injin yana gurnani a kan katako, sai da na shimfiɗa masa tsumma, duk da haka mai ɗakina ta ce a fitar da tankin falo. Sannan ba a haɗo da ɗan makarin da ke hana ruwa komawa ta tiyo ba. In wuta ta tafi alhali injin yana ƙasa da tanki, ruwa na iya zuƙowa ya shiga cikinsa. Ko ka sayi makarin daban, ko ka ɗora injin sama da bakin ruwa. Ƙurar hunturu mai laushi ma takan daɗe tana yawo kafin soson ya kama ta.

Wanki yana son kula. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, wanda don kashe ƙwayoyin cuta aka zuba shi, ba ya tambaya wace ce mai amfani. Ruwan da na kwaso daga tankin nake zubawa a bokiti, in matse soson a ciki sau biyu ko uku, in mayar da shi da sauran launin ƙasa-ƙasarsa. Sabulu ko kusa. Ruwan bokitin kuma shukokin tsakar gida ke shanyewa, naitiret taki ne a wurinsu.

Abin da masu kifi kaɗan ke mantawa shi ne bakteriya daidai abincinsu suke yawa. Soson da ya saba da kifi shida ba zai ɗauki ashirin rana ɗaya ba, komai girmansa. Ni biyu-biyu nake ƙarawa, in jira mako biyu ina gwada ruwa. Mai niyyar zuba manyan kifin gwal ko 'ya'yan tarwada a tanki irin nawa kuwa, wannan matata ita kaɗai ba za ta riƙe shi ba, ya nemi babba ya haɗa da ita.