Hilux, RAV4 ko Hijet: wacce ta dace da aikinka a Maraɗi?

A bakin dillali, duk motar da ta ɗaga daga ƙasa kat-kat ce, wato mai ja da ƙafa huɗu. Shi ya sa ranar kasuwa za ka ga RAV4 ta taso daga Tibiri, an kwantar da kujerun baya an cusa mata buhu shida na gero, gindinta na neman shafar kwalta. Motar ba ta da laifi, ba don wannan aka ƙera ta ba. Kafin ka yi ciniki, abu biyu za ka duba: yadda aka gina ƙasanta, da lambar nauyin da kamfani ya buga mata.

Hilux, Mitsubishi L200, Isuzu D-Max da Land Cruiser 79 shasinsu dabam ne, ƙarfe biyu dogaye, aka ɗora gangar jiki a kai aka ɗaure da ƙusoshi. A baya kuma lam ne, wato faifayen ƙarfen nan da ke lanƙwashewa in kaya ya yi nauyi. Su kuwa RAV4, CR-V, Highlander da Venza, waɗanda ake kira kurosoba, jiki da shasi a haɗe suke kamar na ƙaramar mota. RAV4 ta fara fitowa a 1994, Highlander kuma a kan ƙasan Camry aka gina ta. Sun fi laushin tafiya, sun fi ƙarancin shan mai, amma in aka dinga yi musu lodi a hanyar gargada, jikin ne da kansa ke tsagewa, galibi a mazaunin amortisar, kuma walda a nan ba ta daɗewa.

Rabon aji a tsarin Turai, wanda takardunmu suka gada, da nauyi ake yin sa. Motar kaya da nauyinta duka, da lodi da mutane, bai wuce kilo 3,500 ba, ajin N1 ce, ita ce kamiyonet. Motar mutane mai kujera takwas ko ƙasa da haka ban da ta direba, M1 ce. Duka biyun permi B ya isa. Ya wuce 3,500, sai permi C. Amurka kuwa nata lissafin dabam: aji na 1 ya tsaya a wajen kilo 2,720, aji na 2 ya kai wajen 4,540, kuma kurosoba da yawa a can ana rubuta su a jerin ƙananan motocin kaya saboda dokar shan mai. Don haka in an nuna maka takardar Amurka mai cewa Highlander motar kaya ce, wannan maganar hukumarsu ce, ba ta ƙara mata ƙarfin ko buhu ɗaya ba.

Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi, ko farantin ƙarfen da ke kusa da injin. Motar Amurka za ta rubuta GVWR, a katin mota kuma PTAC za ka gani, duka biyun iyakar nauyin motar ne har da lodi da mutane. Cire nauyin motar ba kaya daga wannan lamba, abin da ya saura shi ne lodinka. A ce PTAC 2,800 ne, motar ita kaɗai 1,850: saura 950. Direba da yaron mota sun ci 140, kejin ƙarfen da maƙeri ya ɗora a baya ya ci wajen 80. Buhu bakwai ke nan masu kilo ɗari-ɗari, ba goma sha biyar ba. RAV4 lodinta duka bai cika wuce kilo 500 ba, har da mutanen ciki. Hijet da Suzuki Carry na Japan, masu injin cc 660, kilo 350 aka rubuta musu.

Mai jigilar aya, wake ko gyaɗa daga ƙauyukan Agye da Mayahi, Hilux mai gida ɗaya ce tasa, don mai gida biyu ta ba kujerun baya wajen kashi ɗaya cikin uku na wurin kaya. A nan zaɓen inji ya fi zaɓen shekara muhimmanci. 5L mai lita 3.0 ba shi da turbo, ba ya gudu, amma yana jure gazuwal marar tsabta kuma kowane garaji ya san shi. Bel ɗin taimin nasa a canza shi a kilomita 100,000, in ya tsinke bawul ya tafi. 2KD da 2GD sun fi ƙarfi, sai dai injektocinsu ba sa yafe ruwa ko ƙura a mai, gazuwal ɗin kwalba na bakin hanya na iya kashe su. Wanda ba zai iya tsare kansa ga gidan mai ba, 2TR na esansi mai lita 2.7 ya fi masa kwanciyar hankali, ko da yake yana sha.

Tacoma ba Hilux ba ce, ko da sun yi kama. Tun 1964 Amurka ke karɓar harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kayan da aka shigo da su, Toyota kuma ta fito da Tacoma a 1995 don wannan kasuwa. Kayan gyaran ƙafarta da na jikinta ba duka suke shiga na Hilux ba. Shasin na shekarun 1995 zuwa 2010 ya yi ƙaurin suna wajen tsatsar gishirin da ake zuba wa hanya lokacin ƙanƙara. Shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa shasin kusa da maƙalin lam. In ya yi ƙara a dushe ko ɓawo ya zubo, tashi ka bar ta. Mitar ta kuma mil take ƙirga: 100,000 a can kilomita 160,000 ne.

Ma'aikaci ko mai iyali da tafiyarsa ta tsaya a kwaltar Yamai zuwa Damagaram, ko Ɗan Isa zuwa Katsina, kurosoba ta ishe shi, sayen Hilux asarar mai ce. Sai dai ya leƙa ƙasa: RAV4 da CR-V da yawa ƙafafun gaba kaɗai ke ja. In babu doguwar sandar ƙarfe da ta bi tsakiya zuwa ƙafafun baya, kada ya nufi yashin Bermo da ita. Masu buwat CVT kuma, wani nau'in giya mai canza kanta, irin X-Trail da Rogue, zafi suke ɗauka in aka yi ta murza su a cikin yashi.

Hijet ta cikin gari ce: ruwan leda, bulo kaɗan, kayan shago daga babbar kasuwa zuwa unguwa. Sitiyarinta na asali a dama yake, wadda aka juya zuwa hagu sai a duba waldar sandar sitiyari da bututun birki, don a nan aikin gaggawa ke ɓoyewa.

Wajen gwajin kat-kat ɗin Hilux, a nemi fili mai yashi a saka ta a can. A kan kwalta, ƙafafun gaba da na baya na kokawa da juna a kwana, buwat ɗin raba ƙarfi ce ke shan wahalar. Lambar shasi kuma a karanta ta harafi-harafi, a gwada da ta katin mota da ta takardar duwan, kafin kuɗi su fita daga aljihu.