Banish na mai ko foliyuriten mai haɗi biyu: wanne ya dace da kayak na katako?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama harhaɗa kayak ɗinka, wato ɗan siririn kwalekwalen nan, ka lulluɓe katakon da ƙyallen zaren gilashi da efoksi, wato danƙon nan mai daskarewa ya yi tauri, yanzu kuma kana tambaya ko banish na mai za ka shafa masa ko foliyuriten mai haɗi biyu. Kafin a zo ga zaɓi, ka sani cewa efoksi ne yake tare ruwa, amma ba ya jure hasken rana. Idan aka bar shi tsirara, sai ya yi ɗorawa, ya dushe, daga baya ya fara gari kamar alli. Saboda haka aikin shafin ƙarshe shi ne ya yi wa efoksin inuwa, kuma duk wanda ka ɗauka, ka duba jikin gwangwanin ka tabbatar an rubuta yana kare hasken rana.

Banish na mai, irin su na kamfanin Epifanes da kuma Schooner na kamfanin Interlux, gwangwani ɗaya ne, buɗewa kawai za ka yi ka tace shi ka shafa. Yana ba katako launin zuma, yana fito da zanen jikinsa har ka ga kamar a jiƙe yake. Ana yin shafi 3 zuwa 5, a bar kowanne ya kwana, a bi shi da samfefa mai lamba 320 kafin na gaba. Rauninsa taushi ne, domin yashin bakin ruwa da duwatsu suna karce shi, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu zai nemi sabon shafi. Sai dai a nan ne nake ganin darajarsa: in ya karce, ka goge wurin sama-sama, ka shafa, washegari ka koma ruwa.

Foliyuriten kuwa ruwa biyu ne da ake gaurayawa bisa ma'aunin da kamfanin ya bayar, kuma da zarar an haɗa su, sa'o'i kaɗan ne suka rage kafin haɗin ya daskare. Ya fi tauri nesa ba kusa ba, ya fi daɗewa, kuma garau yake, ba ya ƙara wa katako launi. Amma akwai guba a cikinsa mai suna aisosayanet wadda take cutar da huhu, don haka ko da burushi za a shafa, sai da safar hannu da takunkumi mai tace tururi da wuri mai iska. Feshinsa aikin ƙwararru ne masu na'urar shaƙar iska, kada ka gwada shi a gida. Gyaransa ma yana da wuya, saboda taurinsa yana sa facin ya fito fili.

Abin da ba na so ka manta shi ne tsarin hawansu. Banish na mai yana zama a kan foliyuriten idan an goge shi da samfefa, amma foliyuriten ba ya zama a kan banish, domin sinadarin da ke cikinsa zai ci na ƙasan ya yamutsa shi. Wanda ya fara da banish, in ya sauya shawara, sai ya kankare komai.

Shirin jikin jirgin kusan ɗaya ne ga duka biyun. Ka bar efoksin ya yi mako ɗaya ko biyu ya gama ƙeƙashewa, in ba haka ba banish zai iya ƙin bushewa, ya yi ta danƙo. Ka wanke maiƙon da wasu efoksi suke fitarwa da ruwa da soso, sannan ka goge da samfefa har zuwa mai lamba 220. Da zarar ka hango saƙar ƙyallen ta yi fari a ƙarƙashin samfefa, ka ɗaga hannu, ka kai ga gilashin ke nan. Lokacin shafawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka riƙa jan burushi daga wurin da ba ka shafa ba zuwa wanda ka riga ka shafa, kana leƙen gefen jirgin da fitila don kama ɗigo tun bai daskare ba.

Tunda wannan ne jirginka na farko kuma a gida kake aikin, shawarata ita ce banish na mai, shafi 4, kuma ka riƙa ajiye jirgin a inuwa idan ba a ruwa yake ba.