Na'urar gwajin taurin alminiyum: abin da na gani bayan wata shida

Na daɗe ina haɗa tagogi da ƙofofin alminiyum, kuma da ido da hannu nake tantance kaya: in ɗaga sanda in ji nauyinta, in ƙwanƙwasa in saurari ƙararta. Wata ƙofa ce ta sa na sayi na'urar gwajin tauri irin ta Webster. Ƙofar ba ta yi wata uku da kafawa ba, ramukan sukurori suka buɗe, ƙyauren ya soma jan ƙasa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin sunana ne a kan aikin.

Na'urar kamar filaya take. Za ka sa gefen sandar a bakinta ka matse, wani ɗan tsinke ya nutsa cikin ƙarfen, allura ta nuna lamba tsakanin 0 da 20. Cikin ƙiftawar ido an gama.

Ranar farko na ɗauko ragowar sandar waccan ƙofa, na ajiye ta kusa da wata da na amince da ita. Sheƙinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, dukkansu an rubuta 6063-T5. Mai kyan ta nuna 11, ɗayar kuwa ta tsaya a 5. Na sake gwadawa wuri huɗu, allurar ba ta wuce nan ba.

A nan na gane inda gizo ke saƙa. Samfurin 6063 alminiyum ne da aka gauraya da magnesiyam da silikon, T5 kuma na nufin bayan an fitar da sandar daga inji an gasa ta a tanda na wasu sa'o'i don ta yi tauri. Idan aka yi gaggawar gashin, sandar za ta fito da laushi, amma nauyinta na nan yadda yake, giram 2.7 a kowace santimita kubik. Shi ya sa hannu ba ya kama wannan ha'inci.

Sai dai a kankare fenti kafin a matse, in ba haka ba lambar za ta ruɗe ka. Na'urar tana barin ɗan tabo, don haka a bakin sanda nake gwaji, inda za a yanke. Tauri kaɗai take aunawa. Kaurin bangon sandar, ko milimita 1.2 ne ko 1.4, sai da ma'auninsa daban.

Yanzu ba a sauke mini ɗaurin kaya sai na matse sanda uku a ciki. Sau biyu ke nan ina mayar da kaya tun suna kan mota.