Auna kabon da naitirojin a taɓon bakin teku: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Wanda aka ɗora wa aikin gano yawan kabon da naitirojin da ke binne a inda kogi ke shiga teku, yawanci tambayarsa ta farko ita ce wace na'ura zai saya. A ganina ya fara daga wutsiya. Lissafin abu uku ne: nauyin busasshiyar ƙasa a kowace santimita kubik (wato tsawo, faɗi da tsayi santimita ɗaya-ɗaya), zurfi, da kason kabon. Ƙasa mai nauyin giram 0.5 a santimita kubik, zurfin mita ɗaya, kabon kashi 4 cikin 100, za ta ba ka tan 200 a hekta. Kuskure a nauyin nan, babu na'urar da za ta gyara shi.

Saboda haka fara da abin haƙa. Bututun roba ya fi araha, amma yana danne taɓo: ka kafa shi mita ɗaya, ka zaro, ka tarar da santimita 70 kacal a ciki. In ba ka auna wannan dannewar tun a fili ba, lissafinka ya karkace. Ma'haƙin Rasha, mai kama da rabin bututu da murfi mai juyawa, yana yanko santimita 50 daga gefe ba tare da matse ta ba, sai dai saiwar itace da yashi suna ba shi wahala. Buɗaɗɗen ma'haƙi mai kama da kwalbati ya fi jure saiwa, amma laka mai ruwa-ruwa takan zube tun kafin ka ɗago shi. Taka wurin da ƙafarka kafin ka biya. Kuma ka nemi wanda zai kai aƙalla mita ɗaya, zurfin da ƙa'idar IPCC (kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi) ta 2013 kan dausayi ta ɗauka.

Sai ɗakin gwaje-gwaje. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙonawa: a busar da samfurin a digiri 60, a auna, a sa a tanda mai digiri 450 na sa'o'i huɗu zuwa takwas, a sake aunawa. Nauyin da ya ɓace a wutar shi ne ruɓaɓɓen ganye da saiwa, ba kabon zalla ba. Tsohon lissafin nan na cewa kashi 58 nasa kabon ne ba ya zama daidai a kowace laka, kuma yumɓu yana sakin ruwan jikinsa a wuta, sai ya ƙara adadin. Naitirojin kuwa ba ruwan tanda da shi.

Hanyar Walkley-Black ta auna kabon da sinadari, wadda ta samo asali a 1934, ba na ba da shawararta a nan. Gishiri yana shiga cikin aikin sinadarin ya kumbura sakamakon, ga shi dama ba ta kama kabon duka, sai an ninka da kusan 1.3. Hanyar Kjeldahl ta 1883 har yanzu tana aiki wajen naitirojin, amma tana cin lokaci da asid mai zafi, kuma tana tsallake naitiret, wani nau'in naitirojin.

Na'urar da ke ƙone samfuri a zafin da ya haura digiri 900 ita ce sarauniya: 'yan miligiram kaɗan, ta ba ka kabon da naitirojin a tashi ɗaya. Tana son iskar gas da mai kula da ita kullum, don haka ƙaramin aiki gara ya biya a gwada masa da ya saya. Tambayi ɗakin gwajin abu ɗaya: yaya suke yi da ɓawon katantanwa? Garinsa cike yake da kabon irin na farar ƙasa, kuma in ba a narkar da shi da asid ba, na'urar za ta haɗa shi cikin lissafi. Naitirojin kuma a auna shi a kason da asid bai taɓa ba.

Da ni ne, duk samfuran zan ƙona a tanda, in ware wasu daga kowane zurfi da kowane irin wuri in aika wa na'ura, in yi amfani da sakamakon wajen gyara na tanda. Rarar kuɗin ta tafi ƙarin ramuka, domin lakar bakin rafi da ta can ciki ba ɗaya ba ce. Hoton tauraron ɗan'adam irin na Sentinel-2 zai nuna maka faɗin wurin da inda za ka haƙa, amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin taɓo.