Sharhi kan kayan yanke sarƙar babur da ɗaure ta: wanne ke jure aiki?

Ƙusa da guduma suna fitar da fil ɗin sarƙa, amma sau da yawa faranti kan lanƙwashe, gaɓar da ke kusa kuma ta ƙage. A sarƙar 428, wadda yawancin baburan haya irin su Boxer da Haojue ke amfani da ita, akan sha da ƙyar. A 520, 525 da 530 na manyan babura kuwa, dole sai da kayan aiki na musamman, domin mahaɗinsu, wato gaɓar da ke haɗa bakunan sarƙa biyu, galibi ba na kilif ba ne, baje kan fil ake yi ya riƙe faranti. Iri uku na yi aiki da su: saitin nan mai araha na cikin akwatin roba, da D.I.D KM500R, da Motion Pro PBR.

Kafin a sayi komai, a duba lambar da ke jikin farantin sarƙar. Lamba ta farko ita ce tazarar fil da fil: 4 na nufin milimita 12.7, 5 kuma milimita 15.875. KM500R da PBR duk an ƙera su ne don 520 zuwa 530, ba sa zama daidai a kan 428. Mai gyaran baburan haya kaɗai bai da buƙatar ko ɗayansu.

Saitin akwatin roba ya fi kowanne yawa a kasuwa. Yana zuwa da tsinken turawa uku, na milimita 2.2 da 2.9 da 3.8, da farantin matsi da kan baje fil. A 420 da 428 yana aiki lafiya lau, ban ga abin kushewa ba. Matsalar tana farawa ne daga 520. Jikinsa kamar baka yake, buɗe ta gefe guda, to idan matsi ya yi yawa sai bakin ya ɗan wage. Da ya wage, tsinke ya bar saiti, sai ya lanƙwashe ko ya karye tas. Wani lokaci zaren notin ne ke cinyewa. Idan ka warware notin ka ga garin ƙarfe mai ƙyalli a jikin maiko, zaren ya fara tafiya ke nan.

Amma gaskiya, yawancin tsinkayen da ke karyewa ba laifin ƙarfe ba ne kawai. Kan fil ɗin sarƙa a baje yake tun daga masana'anta, ya fi ramin faranti faɗi. Wanda ya tura shi haka yana tilasta wa siririn tsinke ya ratsa da wannan kai ta cikin rami. A fara goge kan fil da giranda har ya yi daidai da faranti. Aikin daƙiƙa talatin ne, kuma yana ƙara wa kowane irin kayan yanka rai. Sai a matsa babban noti ya dafe faranti, tsinken yana ɓoye a cikinsa, kada a bar shi ya leƙo da tsawo babu abin da ya tallafe shi. A tabbata ramin baya a buɗe yake don fil ya sami hanyar fita. Idan an juya rabin zagaye aka ji abu ya cije, a tsaya a warware a sake saiti. Ƙara ƙarfi a wannan gaɓar shi ke karya tsinke.

KM500R shi na fi amincewa da shi. Guntayensa kaɗan ne: jiki, mariƙi mai lanƙwasa da ke rungumar sarƙa ta gefe biyu, farantin matsi, da tsinke guda wanda kai ɗaya na yanka ne, ɗayan na bajewa. Saboda yana kama sarƙar ta ɓangarorin biyu, babu zancen wagewar baki. Sifana biyu yake so, mai lamba 27 da mai lamba 19, kuma gara masu dogon hannu. Abin lura shi ne alamomin da ke jikin mariƙin: matsayin yanka daban, na matsi da bajewa daban. Wanda ya rikita su zai tura fil ya ci karo da ƙarfe. Don mahaɗin D.I.D mai rami a kan fil aka yi shi, a nan ne yake fitar da aiki mafi tsabta.

PBR ya fi sauƙin fahimta ga mai koyo, domin tubalin bayansa yana da haruffa da ke nuna matsayin matsi, yanka da bajewa. Ƙarfensa mai kyau ne, kuma ana sayar da tsinkensa daban. Wannan batu na kayan canji ba ƙarami ba ne. Kowane tsinke zai mutu wata rana, don haka ranar sayen kayan a haɗa da tsinke ɗaya ko biyu na ajiya, musamman idan daga waje za a yi odarsu.

Wurin ɗaurewa ne ake gane ingancin kaya da haƙurin mai aiki. A shafa maikon da ya zo da mahaɗi a jikin fil biyun da zobban roba huɗu, biyu ciki biyu waje. A matsa faranti a hankali, ana auna faɗin mahaɗin da ma'aunin milimita ana kwatanta shi da gaɓoɓin da ke maƙwabtaka, har su zo ɗaya. Idan an zarce, zobba sun murƙushe, mahaɗi zai ƙage, maiko ya tsere, kuma faranti ba ya komawa baya. Sannan a baje kan fil, kwatan zagaye bayan kwatan zagaye, ana aunawa. A yawancin sarƙoƙin 520 na D.I.D, faɗin kan da aka baje yana tsakanin milimita 5.5 da 5.8, amma kowace sarƙa da adadinta a jikin kwali, shi za a bi. Bajewa kaɗan, faranti na iya zamewa a kan hanya. Bajewa da yawa, bakin fil ya tsage. Mahaɗin da ya tsage, ko da tsagar ta kai siririn gashi, a yanke shi a sa sabo. Shi ya sa nake son a sayi mahaɗi biyu tare da kowace sarƙa.

Akwai mahaɗi mai toshasshen fil, marar rami a kai. Saitin akwatin roba da KM500R ba don shi aka yi su ba, kuma matsa masa kan bajewa yana fasa kan ne kawai. Don irin wannan akwai kayan da ake kira Whale, wanda ake bugawa da guduma ya danne gefen fil.

Mai gareji da manyan babura ke shigo masa, ya sayi KM500R ko PBR, ya ajiye giranda kusa. Mai aikin 428 kuwa saitin akwatin roba ya ishe shi yanka, sai ya rufe da mahaɗin kilif, rufaffen kan kilif ɗin yana fuskantar inda sarƙa ke tafiya.